Ceto Ko Fakewa Da Guzuma? Hujjojin Da Ƙasashe Ke Bayarwa In Za Su Tura Soja Ƙasar Wani

Tun daga lokacin da aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar 1945 har ya zuwa yau, da wuya a sami wata ƙasa wadda ta tura sojojinta cikin ƙasar wani, sa'an nan ta fito fili ta ce kwaɗayin man fetur ko na ƙasa ko son nuna isa ne ya kai ta. Kowace takan zo da hujja mai daɗin ji a kunne. Wata ta ce kanta take karewa, wata ta ce gayyatarta aka yi, wata ta ce 'ya'yanta ta je cetowa, wata kuwa ta ce tausayin talakawan da ake kashewa ne ya hana ta barci. Cikin waɗannan akwai masu gaskiya, akwai kuma masu fakewa da guzuma su harbi karsana, kuma dukansu da kalmomi iri ɗaya suke magana.

Masu karatu, wannan batu ya shafe mu ƙwarai. Akwai gidaje da yawa cikin ikkilisiyoyinmu waɗanda 'ya'yansu suka yi aikin soja a Laberiya da Saliyo, wasu ba su dawo ba. Bugu da ƙari, a farkon watan Nuwamba na 2025 Shugaban Amurka Donald Trump ya yi barazanar ɗaukar matakin soja a Nijeriya, yana cewa ana kashe Kiristoci gwamnati ba ta hana ba. A ranar Kirsimeti ta wannan shekara Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato. Hukumomin Amurka suka danganta harin da kare Kiristoci, gwamnatin Nijeriya kuwa ta ce aikin haɗin gwiwa ne na yaƙi da 'yan ta'adda, da saninta da yardarta, ba ruwansa da wani addini. Hari ɗaya ke nan, hujja biyu. Don haka muka ga ya kamata mu jera irin waɗannan hujjoji, mu gwada su da juna, domin mu san abin da za mu riƙa tambaya duk lokacin da muka ji su.

Abin Da Doka Ta Tanada

Yarjejeniyar da ta kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a birnin San Francisco ranar 26 ga Yuni 1945, ta haramta wa kowace ƙasa yin amfani da ƙarfin soja a kan wata. Ƙofa biyu kaɗai aka bari. Ta farko ita ce sashe na 51, wanda ya ba ƙasa damar kare kanta idan an kawo mata hari. Ta biyu ita ce izinin Kwamitin Sulhu mai wakilai 15, wanda biyar daga cikinsu, wato Amurka da Rasha da Sin da Ingila da Faransa, kowace tana iya hawa kujerar na-ƙi ta rushe ƙuduri ita kaɗai. Masana shari'a sun ƙara da cewa idan halattacciyar gwamnati da kanta ta nemi taimako, to ba a keta haddin kowa ba. Duk wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa kowace ƙasa take ƙoƙarin tura maganarta ta ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi, ko da kuwa ƙofar ta yi mata ƙanƙanta.

"Kanmu Muke Karewa"

Wannan ita ce hujjar da aka fi yawan bayarwa, domin kuwa babu mai musun cewa wanda aka shiga gidansa yana da ikon korar ɓarawo. Misalin da ya fi fitowa sarai shi ne na Kuwaiti. Iraƙi ta mamaye ta ranar 2 ga Agusta 1990, gwamnatin Kuwaiti ta nemi agaji, Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri na 678 wanda ya ba Saddam Husaini wa'adi zuwa 15 ga Janairu 1991, da wa'adin ya cika aka fara yaƙi. Ƙasashe da yawa suka ba da soja, har da maƙwabciyarmu Nijar da kuma Senegal. Aka kori Iraƙi daga Kuwaiti cikin makonni kaɗan, rundunar ba ta zarce zuwa Bagadaza ba, domin izinin da aka ba ta bai kai can ba.

Haka kuma da Amurka ta shiga Afganistan a watan Oktoba na 2001, bayan harin 11 ga Satumba wanda ya kashe mutane kusan 3,000, yawancin duniya ta karɓi hujjar kare kai. Sai dai yaƙin da aka fara domin farautar waɗanda suka kitsa harin ya rikiɗe ya zama aikin gina sabuwar ƙasa, ya ci shekara 20, kuma a watan Agusta na 2021 'yan Taliban ɗin da aka kora suka koma kan mulki kafin jirgin ƙarshe na Amurka ya tashi daga Kabul.

A shekarar 2003 aka ja wannan hujja har ta tsinke. Iraƙi ba ta kai wa Amurka ko Ingila hari ba. Abin da aka ce shi ne tana ɓoye makaman ƙare-dangi, kuma jira sai ta yi amfani da su ganganci ne, saboda haka gara a riga ta. Sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu ranar 5 ga Fabrairu 2003 yana nuna hotuna. An ma tsoma sunan Nijar a ciki, aka ce Saddam ya nemi sayen ma'adinin yuraniyom daga can, alhali kuwa tun a watan Maris na shekarar hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya ta bayyana cewa takardun da aka dogara da su na jabu ne. Duk da haka aka fara yaƙi ranar 20 ga Maris ba tare da sabon izinin Kwamitin Sulhu ba. Aka bincike ƙasar ciki da bai, ba a sami tarin makaman ba. A 2004 Babban Sakataren Majalisar, Kofi Annan, ya ce yaƙin ya saɓa wa doka, a 2016 kuma kwamitin bincike na Chilcot a Ingila ya ce an tafi yaƙi tun hanyoyin lumana ba su ƙare ba.

Rasha ma da ta auka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairu 2022, sashe na 51 ɗin ta ambata. Kwana uku kafin nan ta amince da yankunan Donetsk da Luhansk a matsayin ƙasashe masu cin gashin kansu, sa'an nan ta ce tana kare su ne da kanta. Babban Zauren Majalisar bai karɓi wannan ba, ƙasashe 141 suka yi Allah wadai da mamayar, 5 kaɗai suka ƙi. Ga shi nan, kalma ɗaya ta "kare kai" ta rufe wanda aka shiga gidansa da wanda ya tsallaka katangar maƙwabci.

"Gayyatarmu Aka Yi"

Hujja ta biyu ta fi ta farko sauƙin ƙirƙira, domin abin da take bukata kawai shi ne takarda da sa hannu. A watan Disamba na 1979 Tarayyar Sobiyat ta ce gwamnatin Afganistan ce ta kira ta bisa yarjejeniyar abota ta 1978. Amma ranar 27 ga watan sojojin Sobiyat suka kutsa fadar shugaban wannan gwamnati, Hafizullah Amin, suka kashe shi, suka ɗora Babrak Karmal wanda suka zo da shi. Baƙon da ya fara da yanka mai gida, ai ba sai an tambaye shi takardar gayyata ba. Saddam ma da ya shiga Kuwaiti cewa ya yi wasu 'yan juyin juya hali ne suka kira shi, kafin wata ya ƙare kuwa ya mai da ƙasar lardi na 19 na Iraƙi.

Akwai kuma gayyata ta gaskiya. A watan Janairu na 2013, da masu tayar da ƙayar baya suka ci garin Konna suka doshi kudancin Mali, shugaban riƙon ƙwarya Dioncounda Traoré ya roƙi Faransa, ita kuwa ta amsa nan da nan. Da Shugaba François Hollande ya ziyarci Tumbuktu a farkon Fabrairu, jama'a sun tarbe shi da kiɗa da rawa. Shekara 9 bayan haka, a watan Agusta na 2022, sojojin Faransa na ƙarshe suka bar Mali bayan zanga-zangar ƙin jininsu, ga tashin hankalin kuma ya bazu har Burkina Faso da Nijar. Wannan ya nuna mana cewa gayyata takan tsufa. Wanda ya yi ta yana iya sauka, kuma baƙon da ya daɗe ba a ga amfanin zamansa ba, gajiya da shi ake yi.

Abin da ya kamata a tambaya a nan shi ne, wane ne ya yi gayyar, kuma a madadin wa? Rasha ta shiga Siriya a 2015 bisa gayyatar Bashar al-Assad, mutumin da wani babban ɓangare na jama'arsa ke yaƙarsa. A takarda gayyatar halal ce, amma ga mutanen Halab da aka yi wa ruwan bama-bamai, takardar ba ta sauƙaƙa kome ba. A Disamba 2024 mai gayyar da kansa ya tsere zuwa Mosko.

"'Ya'yanmu Muka Je Cetowa"

A watan Yuli na 1976 sojojin Isra'ila suka sauka da dare a filin jirgin saman Entebbe na Yuganda, suka kuɓutar da mutane fiye da 100 da aka yi garkuwa da su, suka tashi kafin gari ya waye. An kashe sojojin Yuganda da dama, ƙasashen Afirka kuma suka yi ƙorafin an keta haddin wata ƙasa, amma babu mai cewa Isra'ila ta tsaya yin wani abu bayan abin da ta ce ya kai ta.

A gwada wannan da Girenada. A watan Oktoba na 1983 Amurka ta ce ɗaliban likitanci 'yan ƙasarta suna cikin haɗari a wannan ɗan tsibiri. An kwashe ɗaliban, an kuma kawar da gwamnatin sojan da ke wurin. Babban Zauren Majalisa ya yi tir da wannan da ƙuri'a 108 a kan 9. A Disamba 1989 kuma ta shiga Fanama da hujja har huɗu a jere: kare Amurkawa, kare dimokuraɗiyya, yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, da tsare yarjejeniyar mashigin ruwa. Ƙarshen abin aka ɗauke Janar Manuel Noriega, wanda a da yake yi wa hukumar leƙen asirin Amurka aiki, aka kai shi kotu a Miami. Idan hujjoji suka yi yawa haka, sau da yawa alama ce ta cewa babu ɗaya da za ta iya tsayawa ita kaɗai. Kada mu manta kuma, Hitler ma kare Jamusawan da ke zaune a Cekoslobakiya ya ce yana yi a 1938.

"Tausayi Ne Ya Kawo Mu"

A nan ne maganar ta fi nauyi, domin ita ce ta fi taɓa zuciya. Hujjar tsohuwa ce, kuma mu a wannan ƙasa mun san ta. Lokacin da Lugga ya shirya yaƙar Kano da Sakkwato, abin da ya gaya wa Landan shi ne zai hana harin bayi, zai kuma hukunta Kano saboda ta ba Magajin Keffi mafaka bayan ya kashe Kyaftin Moloney a 1902. Harin bayi gaskiya ne, kakannin da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun sha wuyarsa har suka koma zama a kan duwatsu. Amma Kano ta faɗi a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris, Turawa kuwa ba su tafi ba sai 1960. Mussolini ma da ya mamaye Habasha a 1935 ya ce bauta zai hana, ya kuma yi wa mutanen feshin iskar guba.

Wani abin mamaki shi ne, ƙasashen da a zahiri suka tsai da kisan kiyashi a shekarun 1970 ba su dogara da hujjar tausayi ba. Indiya ta shiga Gabashin Pakistan a Disamba 1971 bayan 'yan gudun hijira kimanin miliyan 10 sun kwararo mata, amma a gaban Majalisa harin da jiragen Pakistan suka kai mata ta fi kafa hujja da shi. Biyetnam ta kori Pol Pot daga Kambodiya a Janairu 1979, bayan mulkinsa ya halaka mutane fiye da miliyan 1.5, ita ma kare iyakarta ta ce tana yi. Aka yi mata tofin Allah tsine, aka bar wa mutanen Pol Pot kujerar ƙasar a Majalisa shekara da shekaru, domin siyasar yaƙin cacar baka. Tanzaniya kuma ta kori Idi Amin daga Kampala a Afrilu 1979. Wannan shi ne Amin ɗin da a zamaninsa aka kashe Babban Bishop Janani Luwum a Fabrairu 1977, tare da dubban ɗaruruwan 'yan Yuganda. Duk da haka Julius Nyerere ya jira sai da Amin ya mamaye yankin Kagera a 1978 tukuna, kuma a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na Manrobiya a 1979 sai da ya sha suka, har daga bakin Janar Obasanjo, saboda ya keta ƙa'idar rashin tsoma baki cikin harkar maƙwabci.

Sai kuma Ruwanda ta nuna wa duniya ɗaya fuskar al'amarin. Daga Afrilu zuwa Yuli 1994 an kashe mutane kimanin 800,000, da yawansu a cikin majami'un da suka gudu domin neman mafaka. Akwai sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 2,500 a ƙasar, amma ranar 21 ga Afrilu, ana tsakiyar kisan, Kwamitin Sulhu ya rage su zuwa 270. Rashin shiga ma zaɓi ne, kuma yana da nasa gawarwaki. Kunyar Ruwanda na cikin abin da ya sa ƙungiyar tsaro ta NATO ta yi kwana 78 tana jefa bama-bamai a Yugoslabiya a 1999 domin kare mutanen Kosobo, ba tare da izinin Kwamitin Sulhu ba. Ita ce kuma ta sa Tarayyar Afirka ta rubuta cikin kundinta na shekarar 2000 cewa tana da ikon shiga ƙasar da ake kisan ƙare-dangi, shugabannin duniya kuma suka amince a 2005 cewa akwai alhakin kare farar hula a wuyan kowa idan gwamnatinsu ta gaza. Amma ƙofar da aka buɗe ba ta zaɓen mai shiga. Da Rasha ta haɗiye Kirimiya a 2014, Shugaba Putin da misalin Kosobo ya kafa hujja.

Gwajin farko mai girma na wannan sabuwar ƙa'ida shi ne Libiya. Ranar 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri na 1973 domin kare farar hula, musamman na Bengazi. Nijeriya da Afirka ta Kudu da Gabon suna cikin ƙasashe 10 da suka goyi baya. Izinin na kare mutane ne, amma ba a daina jefa bama-bamai ba sai da aka kashe Gaddafi a Oktoba. Aka bar ƙasar ba gwamnati mai ƙarfi, rumbunan makamai suka watse, mayaƙa suka gangaro Mali a 2012, kuma har yau yankin Sahel bai huce ba. Shugaba Obama da kansa ya amsa a 2016 cewa rashin shirya wa abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne babban kuskurensa. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Namu Na Gida

Kada mu tsaya nuna wa wasu yatsa, domin Nijeriya ma ta sha tura soja. A ƙarshen Yuli 1990 sojojin Samuel Doe suka shiga majami'ar Lutheran ta St. Peter a Manrobiya suka kashe mutane kimanin 600 da suka fake a ciki. Ranar 24 ga Agusta rundunar ECOMOG ta sauka a birnin, da sojojin Nijeriya da Gana da Gini da Saliyo da Gambiya. Hujjojin su ne tsai da kisa, kuɓutar da 'yan Afirka ta Yamma da suka maƙale, da hana wutar yaɗuwa, tun da in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ruwa kake shafa wa naka. Charles Taylor kuwa ya ce ƙarya ne, Janar Babangida abokinsa Doe ya zo ceta. Kwamitin Sulhu bai ba da izini tun farko ba, sai daga baya ya yaba. Rundunar ta ceci rayuka da yawa a Manrobiya, an kuma zargi wasu sojojinta da kwasar ganima, ɗaruruwan 'ya'yanmu suka mutu, aka kashe biliyoyin daloli, a ƙarshe kuma Taylor ɗin da aka je tarewa ya ci zaɓe a 1997.

A Saliyo hujjar ta sauya ta zama mai da dimokuraɗiyya. Sojoji sun hamɓarar da Ahmad Tejan Kabbah a Mayu 1997, ECOMOG ta kore su ta mai da shi kan kujerarsa a Maris 1998. Aikin ya yi kyau, amma wanda ya ba da umarnin shi ne Janar Sani Abacha, wanda a lokacin yake tsare da Cif Abiola a kurkuku. Shi ya sa mutane suka riƙa cewa in da kura na maganin zawo da ta yi wa kanta. A Gambiya kuwa, a Janairu 2017, hujjar ta zauna daram, domin jama'a sun riga sun kayar da Yahya Jammeh a akwatin zaɓe, Adama Barrow ya nemi taimako, Jammeh ya bar ƙasar ba tare da an gwabza ba.

Da sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ɗauko wannan hujja ta ba da wa'adin mako ɗaya. A wannan karon jama'a suka ƙi. Jihohinmu 7 ne ke iyaka da Nijar, daga Kabi zuwa Barno, dangi ɗaya kasuwa ɗaya. Shugabannin addini na Kirista da na Musulmi suka yi kashedi, Majalisar Dattawa, wadda tsarin mulki ya ce sai da yardarta za a tura soja yaƙi a waje, ta ba da shawarar a bi hanyar sulhu. Ba a yi yaƙin ba, Bazoum bai koma mulki ba, kuma a Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Hujja ɗaya ce da ta Gambiya, amma kuɗin da za a biya ya sha bamban.

Da Wane Mudu Za Mu Auna?

Ikkilisiya ta daɗe tana fama da wannan tambaya. Akwai 'yan'uwanmu, kamar na Ekklisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda tushen koyarwarsu shi ne Kirista ba ya ɗaukar makami ko kaɗan, kuma sun riƙe wannan duk da irin asarar da suka yi a hannun Boko Haram. Wasu kuma suna bin Agustin, Bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yanzu, wanda ya rasu a shekarar 430, da Toma Akwinas na ƙarni na 13, waɗanda suka koyar da cewa yaƙi yana iya halatta bisa sharuɗa: hukuma halattacciya ce ta ba da umarni, dalilin na adalci ne, niyyar kuma ita ce mai da salama. Malaman baya suka ƙara da cewa sai an gwada dukan sauran hanyoyi, sai akwai begen nasara, kuma kada ɓarnar ta fi cutar da ake son warkarwa. Da wannan mudu Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya auna yaƙin Iraƙi na 2003 ya ƙi shi.

Farawa sura 14 ta ba mu wani ma'auni mai sauƙi. Ibrahim ya fita da mutanensa 318 ya bi sarakunan da suka kama Lutu, ya kuɓutar da shi da sauran jama'a. Da sarkin Saduma ya miƙa masa dukiyar, sai ya ƙi ɗaukar kome domin kansa, ya koma gida. Mai ceto na gaskiya ana gane shi ne bayan an gama faɗa, ta wurin abin da ya ɗauka da kuma lokacin da ya tafi. Indiya ta janye sojojinta daga Bangladash cikin wata uku, Biyetnam ta zauna Kambodiya shekara 10, Rasha kuwa cewa ta yi yankunan da ta je karewa sun zama nata.

Saboda haka duk lokacin da muka ji wata ƙasa tana shirin tura soja, ko tamu ce ko ta wani, ya kamata mu tambaya: shin abin da ake faɗa ya faru da gaske, wa ya tabbatar? Wa ya ba da izini? An gwada wata hanya? Me aka shirya domin ranar da za a daina harbi? Kuma shin mai ba da hujjar zai yarda a yi masa irin wannan da hujja iri ɗaya?

Ga waɗanda suka binne 'yan'uwansu a Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna da Barno, ba abin zargi ba ne idan zuciyarsu ta yi sanyi da jin cewa wani daga nesa ya kula da kukansu. Kukan na gaskiya ne, kamar yadda na maƙwabtanmu Musulmi a Zamfara da Katsina yake na gaskiya. Amma ya dace mu tuna da Kiristocin Iraƙi. Kafin 2003 ana ƙiyasta sun kai miliyan 1 ko fiye, ikkilisiyoyinsu kuwa suna cikin mafi daɗewa a duniya. Bayan mamayar aka riƙa yi musu kallon abokan baƙi, aka ƙona majami'unsu, a 2014 'yan ƙungiyar IS suka kore su daga Mosul, yau shugabanninsu suna cewa waɗanda suka rage ba su kai 250,000 ba. Sojan waje yana da ranar komawa gida, mu da maƙwabtanmu kuwa nan za mu ci gaba da zama. Taimakon da zai amfane mu shi ne wanda zai ƙarfafa hukumominmu su tsare ran kowa, su kama mai laifi su hukunta shi, kuma neman wannan daga hannun waɗanda muka zaɓa hakkinmu ne da ba za mu ɗora wa wani ba.

Allah ya ba shugabanni hikima, ya ta'azantar da waɗanda suka yi rashi, ya kuma ba ƙasarmu da maƙwabtanta zaman lafiya. Amin.